Yadda ake tara faya-fayan garmaho na tsohon kiɗan rock ba tare da asara ba

A shekarar 2022 faya-fayan garmaho sun fi faifan CD yawan kwafin da aka sayar a Amurka, abin da rabon da a gani tun 1987. An sayar da kimanin miliyan 41, CD kuwa miliyan 33. Da kasuwa ta buɗe sai farashi ya tashi, masu buga jabu suka shigo, dillalai kuma suka koyi kiran kowane tsohon faifai da sunan "bugun farko". Wanda zai fara neman faya-fayan Beatles, Rolling Stones, Led Zeppelin, Pink Floyd da tsararrakinsu na shekarun 1960 da 1970 ya sani cewa kasuwar masu ido a buɗe zai shiga. Abin da zai kare masa aljihu shi ne iya karanta faifai, domin kowane faifai yana ɗauke da tarihinsa a jikinsa, kuma mai sayarwa ba ya iya goge wannan rubutu.

Ka fara da yi wa kanka iyaka

Kiɗan rock na waɗannan shekaru ashirin teku ne. In ka ce komai kake so, kuɗinka zai ƙare ka bar gida da tarkace. Zaɓi ƙungiya ɗaya ko biyu, ko kamfani ɗaya, ko shekara ɗaya, ka rubuta faifai goma da kake son ji da gaske. Ka kuma yanke tun yanzu: don sauraro kake tarawa ko don ajiya? Ni dai ra'ayina mai farawa ya saya don kunnensa. Mai tara na ajiya yana biyan ninki goma saboda launin takarda, kuma wannan wasa ne da ba a shiga sai an ƙware.

Na'urar juya faifai kafin faifai

Kada ka sayi faifai mai daraja kafin ka mallaki abin da zai juya shi ba tare da ya cinye shi ba. Abubuwa biyu za ka guje wa. Na farko shi ne garmahon kakanni mai wani da hannu, mai allurar ƙarfe. An yi shi ne don faya-fayai masu nauyi da ke juyawa sau 78 a minti, kuma juyi ɗaya ya isa ya kashe faifan roba. Faifan rock iri biyu ne: babba mai inci 12 da ke juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, da ƙarami mai inci 7 da ke juyawa sau 45, na kamfanin RCA Victor a 1949. Dukansu allurar lu'ulu'u mai sauƙin taka suke buƙata.

Na biyu su ne ƙananan na'urorin nan masu kama da akwati, masu lasifika a jikinsu, da ake tallarsu da araha. Allurarsu takan danna faifai da nauyin da ya kai giram 5 ko fiye, ba kuma a iya rage shi, alhali allura mai kyau giram 2 ko ƙasa da haka take so. Ga kuma lasifikar da ke girgiza jikin na'urar yayin da allura ke tafiya.

Abin da za ka nema shi ne na'ura mai hannun da ake daidaita nauyinsa, wadda kuma ake iya canza mata kan allura. Audio-Technica AT-LP120, Rega Planar 1 da Pro-Ject Debut duk suna fitar da mai farawa kunya. In ka ci karo da tsohuwar Technics SL-1200 mai lafiya a wurin masu kayan gwanjo, ka tsaya ka duba ta da kyau. A 1972 aka fara ƙera wannan jerin, kuma an san su da juriya.

A nan akwai tarkon da ya shafe mu kai tsaye. Wutar Amurka bolt 120 ce mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu a Najeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 230 ce mai bugu 50. Taransifoma za ta gyara maka ƙarfin wutar, amma ba ta taɓa yawan bugun. Tsofaffin na'urori da yawa masu bel suna ɗaukar saurinsu daga bugun wuta ne, don haka wadda aka yi wa Amurka za ta riƙa juyawa a nan kusan sau 28 maimakon 33 da sulusi, muryar mawaƙi ta yi kauri ta ja jiki. Duba ƙarfen da ke bayan na'urar. In an rubuta 50 ko 50/60, ka tsira. Kayan da suka fito daga Ingila ko Jamus ba su da wannan matsala. Sannan ka haɗa ta da sitabilaiza, kada kuma ka yarda da ƙaramin janareta mai hawa da sauka.

Sautin da ke fitowa daga allura ƙanƙani ne ƙwarai, kuma tun wajen yanka faifai an rage masa kauri an ƙara masa kaifi bisa ƙa'idar RIAA ta 1954. Dole sai ya bi ta wani ƙaramin amfilifaya na musamman da zai mai da shi daidai. Tsofaffin amfilifayoyi suna da mashiga da aka rubuta PHONO a kanta. Nan za ka soka. In babu, ka sayi ɗan akwatin daban, ko ka zaɓi na'urar da aka gina mata shi a ciki. Siririyar waya ta uku da ke biye da manyan wayoyi biyu na na'urar, ka ɗaure ta a dunƙulen ƙarfen da ke bayan amfilifaya, in ba haka ba za ka yi ta jin gurnani.

Daidaita hannun allura

Ajiye na'urar a kan teburi mai ƙarfi wanda ba ya rawa, ba kuma wanda lasifika ke kai ba. Tabbatar ta zauna daidai ba karkata. Ma'aunin ruwa irin na magina ya wadatar. Cire murfin allura, ka juya nauyin da ke bayan hannun har sai hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Riƙe nauyin, ka juya zoben lambobi kawai zuwa sifili. Sai ka juya duka biyun zuwa adadin da kamfanin allurar ya faɗa: AT-VM95E giram 2 ne, Ortofon 2M Red kuwa 1.8. Ɗan maɓallin gefe da ke hana hannu zamewa ciki, ka sa shi a kan lamba ɗaya da wannan. Ƙaramin ma'aunin allura na dijital ba shi da tsada kuma ya fi zoben gaskiya.

Mutane kan ɗauka rage nauyi ƙasa da ƙa'ida tausaya wa faifai ne. Allurar da ba ta zauna sosai ba tsalle take yi tana dukan bangon layin, kuma ɓarnarta ta fi ta wadda ta ɗan yi nauyi. In ka sayi na'urar gwanjo, canza allurar kafin komai, tunda ba ka san awa nawa ta yi ba.

Karanta faifai: nan ne aikin yake

Faifai ɗaya mai suna ɗaya ana iya buga shi sau ɗaruruwa a ƙasashe daban-daban cikin shekara hamsin, kuma ba sauti ɗaya suke da shi ba. Dalili yana cikin yadda ake yin sa. Injiniya yana yanka waƙar a kan wani faifai mai laushi. Daga shi ake fitar da kwafin ƙarfe, daga wannan a fitar da wanda ake kira uwa, daga uwa a fitar da tambura masu danna roba mai zafi. Kowane tambari yana gajiya bayan ya buga adadi, sai a sa wani. Idan aka yi shekaru, ko aka koma wata ƙasa, sai a sake yanka sabo, wani lokaci daga kwafin kaset ɗin asali ba daga shi kansa ba. Shi ya sa ƙa'idar da masu tarawa ke bi ita ce: nemi bugun ƙasar da ƙungiyar ta yi aikinta. Na Beatles da Pink Floyd bugun Birtaniya, na Doors da Creedence Clearwater Revival bugun Amurka.

Ɗauki faifan ka kai shi kusa da fitila. Tsakanin ƙarshen waƙar ƙarshe da takardar tsakiya akwai wani fili mai santsi. Karkata shi a haske za ka ga lambobi da haruffa, wasu an buga da inji wasu an karta da hannu. Wannan shi ne shaidar haihuwar faifan. Lambar farko ta aikin ce, abin da ya biyo bayanta kuma, kamar A-1 ko A-2 ko B-3, yana nuna yanka na nawa ne a kowane gefe. Kwafe su duka yadda suke, ka shiga Discogs, ma'ajiyar bayanan faya-fayai da aka kafa a 2000, ka rubuta su a wurin bincike. Zai nuna maka ƙasa, shekara da hoton takardar tsakiya, ka gwada da na hannunka.

Ga misalan da ya kamata su zauna maka a ka. Led Zeppelin II ya fito a Oktoban 1969, kuma bugun Amurka na farko Robert Ludwig ne ya yanka shi da ƙarfi sosai, har allurar na'urori masu araha ta riƙa tsalle. Kamfanin Atlantic ya sa aka sake yanka shi da sanyi. Wanda ke da haruffan RL a santsin tsakiya, musamman a gefe biyun, shi ake nema, kuma bambancin a kunne yake: ganga da gitar bes suna fitowa da nauyin da sauran ba su da shi. Kwalinsu iri ɗaya ne, don haka wanda bai duba ciki ba zai wuce shi, ko ya biya kuɗin RL ya tafi da wanda ba shi ba. Faifan farko na ƙungiyar, bugun Birtaniya na 1969, ana gane na sahun farko da rubutun suna mai launin shuɗi-kore a kwali, kafin a mai da shi ruwan lemo. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, 1973, mai lamba SHVL 804 a kamfanin Harvest, na farkonsa yana da alwatika cike da shuɗi a takardar tsakiya da A-2 da B-2 a santsi, kuma ya zo da manyan hotuna biyu da sitika biyu. In babu su, farashi ya sauka. Please Please Me na Beatles, 1963, na farkonsa takardar Parlophone baƙa ce da rubutun zinare.

Kamfanin EMI, mai Parlophone da Harvest, yana da wata dabara da ke nuna tambari na nawa ya buga faifanka. In ka riƙe faifan lambar aiki tana ƙasa, a dama za ka ga harafi ɗaya zuwa uku. An ɗauko su daga GRAMOPHLTD, inda G ke nufin 1, R 2, A 3, har zuwa D da ke nufin sifili. Faifai mai G kaɗai daga tambarin farko ya fito. Decca, kamfanin Rolling Stones na farko, ya yi amfani da BUCKINGHAM a kan wannan tsari. Ba na ganin ya dace mai farawa ya biya ƙari saboda wannan, amma sanin sa yana sa dillali ya gane ba baƙo ne a gabansa ba.

Akwai alama mai sauƙi da ba ta buƙatar fitila: faifan da aka ce na 1969 ne amma kwalinsa na ɗauke da zanen layukan farashi irin na kanti, ba bugun farko ba ne. Sai ƙarshen shekarun 1970 wannan zane ya fara hawa kwalayen faifai.

Sai batun sauti mai hanya ɗaya da mai hanya biyu, wato mono da sitiriyo. Har zuwa wajen 1967, mono ne ake ba muhimmanci a Birtaniya, kuma Beatles da kansu sun fi zama a kan haɗin mono na ayyukansu. Ka guji kwalin da aka rubuta cewa an mai da shi sitiriyo ta hanyar lantarki, ko mai kalmar Duophonic ta kamfanin Capitol: mono ne aka raba da ƙarfi, sautinsa kamar daga cikin rijiya. Ka kuma lura cewa kafin 1967 faya-fayan Beatles da Rolling Stones na Amurka ba jerin waƙoƙi ɗaya suke da na Birtaniya ba, ko da suna ya zo ɗaya.

Sabbin bugu fa? Da yawansu suna da kyau, kuma sun fi tsohon da ya sha wuya. Sai dai kada nauyin giram 180 da ake bugawa a sitika ya ruɗe ka. Kaurin roba ba ya ƙara wa yanka kyau. Abin tambaya shi ne wa ya yanka, kuma daga me. A 2022 ta bayyana cewa Mobile Fidelity, kamfanin da masu tarawa suka daɗe suna girmamawa, ya yi shekaru yana bi ta matakin dijital a faya-fayan da jama'a suka ɗauka daga kaset kai tsaye aka yanka su. Abin dariyar shi ne da yawan masu cika baki da kunnensu ba su taɓa ji ba sai da aka faɗa musu.

Duba lafiyarsa

Masu saye da sayarwa a duniya suna amfani da ma'aunin mujallar Goldmine. M na nufin sabo fil da ba a taɓa ba, kuma da wuya ka ga na gaskiya. NM kusan sabo ne. VG+ yana da 'yan alamun amfani marasa zurfi, sauti tsaf. VG ana jin ƙaraf-ƙaraf a wuraren shiru. G, duk da sunan yana nufin mai kyau, faifai ne da ya gaji. Ana ba faifai maki daban, kwali daban. Ga mai sauraro VG+ ne wurin da kuɗi da daɗi suka haɗu.

In faifan yana hannunka, zaro shi ka riƙe da gefe da tsakiya, kada yatsa ya taɓa layukan. Kai shi ƙarƙashin haske mai ƙarfi. Fitilar waya ta isa. Ƙarzuwar da ido ke gani amma farce ba ya ji yawanci ba ta da illa. Wadda farce ya tsaya a kanta za ka ji ta a kowane zagaye. Duba ramin tsakiya: in takardar kewaye da shi ta cika da zane-zane, faifan ya sha juyi. Layukan da suka yi fari-fari ko toka-toka alamar mummunar allura ce ta cinye su, kuma wanki ba ya gyara wannan. Ɗaga shi daidai ido ka ga ko ya lanƙwashe. Sansana kwalin saboda fumfuna. A ƙarshe ka tabbatar faifan da ke ciki shi ne na kwalin, domin sau da yawa ana samun musanya, ba lallai da mugun nufi ba. In da hali a sa maka shi, ka saurari farkon gefe da kuma waƙar ƙarshe, inda lalacewa ta fi bayyana.

Sticky Fingers na Rolling Stones, 1971, yana da zik na gaske a kwalinsa, aikin Andy Warhol. Zik ɗin kan danna faifan da maƙwabtansa a kanta, don haka a duba shi da kyau, a kuma ajiye shi da kwali mai kauri a tsakani.

Duk da haka, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Faifai mai shekara hamsin zai ɗan yi ƙara nan da can.

Jabu da na bayan fage

Jabu shi ne wanda aka kwaikwayi na asali. Ana gane shi da hoton kwali mai dishi-dishi, rubutu mai kauri, lambobin santsi da ba su dace da na Discogs ba, ko roba mai launi a faifan da ba a taɓa fitar da shi da launi ba. Wanda aka fi yi wa dabara shi ne Yesterday and Today na Beatles, 1966. Capitol ya fara fitar da shi da hoton mawaƙan sanye da fararen rigunan mahauta, da nama da sassan 'yar tsana a jikinsu, aka yi ca, sai kamfanin ya janye shi ya liƙa wani hoto a kai. Na asalin da aka liƙa, in ka duba farin filin dama, za ka hango inuwar baƙar rigar Ringo Starr, makaɗin gangarsu, mai wuyan V daga ƙasa. Kada ka ɓare shi da kanka. Mutane da yawa sun mai da dukiya shara ta haka.

Na bayan fage kuwa rikodin wasanni ne da aka buga ba da izini ba. Manyan wasannin rock na Amurka da yawa a filayen baseball aka yi su. Beatles sun yi wasa a Shea Stadium na New York ranar 15 ga Agustan 1965 gaban mutum fiye da dubu 55, sannan wasansu na ƙarshe na masu tikiti a Candlestick Park na San Francisco aka yi shi, ranar 29 ga Agustan 1966. Jami'in yaɗa labaransu ne ya ɗauki wannan na ƙarshe da ƙaramar rikoda, kaset ɗin kuma ya ƙare ana tsakiyar waƙar rufewa. Irin waɗannan tarihi ne, amma ihun 'yan kallo ya fi kiɗan yawa, kuma ba su riƙe daraja kamar na halal. Kada ka biya kuɗi mai yawa a kansu.

Inda ake samu, da yadda ake ciniki

Kada ka ɗauka sai Landan. A shekarun 1970 Legas cibiyar faifai ce: EMI da Decca duk suna da rassa a can. A sutudiyon EMI da ke Apapa Paul McCartney na Beatles da sabuwar ƙungiyarsa Wings suka ɗauki mafi yawan Band on the Run a 1973, kuma Ginger Baker, makaɗin gangar ƙungiyar Cream, ya gina nasa sutudiyon a Ikeja. Ƙungiyoyin rock na gida irin su Ofege, BLO da Funkees sun fito a wannan zamani, kuma faya-fayansu na asali yanzu masu tarawa daga Turai da Japan suna nemansu ruwa a jallo. Saboda haka kwalin da ke ɗakin ajiyar wani tsohon ma'aikaci a Kaduna, Jos ko Kano zai iya ɗauke da Santana da Jimi Hendrix, a gefensu kuma ga abin da ya fi su tsada. Tambayi dattawan da suka yi karatu a waje, masu gyaran rediyo da masu kayan gwanjo. A Legas akwai Jazzhole a titin Awolowo, Ikoyi. In ka samu a gidan mutane, ka biya su abin da ya dace. Su ne za su kira ka gobe in wani kwalin ya fito.

Saye ta intanet cinikin biri a sama ne sai ka yi tambaya. Duba makin mai sayarwa da abin da masu saye suka rubuta a kansa. Tambaye shi ko da ido ya auna faifan ko ya saurara, ka nemi hoton santsin tsakiya. Kafin ka yi tayi, duba tarihin cinikin wannan bugun a Discogs, inda ake nuna mafi araha, matsakaici da mafi tsada, ko a Popsike don sakamakon gwanjo. Farashin da aka saya shi ne gaskiya, wanda ake nema buri ne kawai. Kuɗin aikowa yakan fi kuɗin faifan, don haka haɗa uku ko huɗu daga mutum ɗaya, ka kuma lissafa da kwastan. Roƙe shi ya fitar da faifan daga kwalinsa ya jera su gefe da gefe cikin kwalin aikawa mai tauri, in ba haka ba gefen faifan zai tsaga kwalin a hanya.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Rumours na Fleetwood Mac, 1977, an sayar da fiye da miliyan 40, don haka yana ko'ina. Abin da ke sa tsada shi ne ƙaranci da lafiya da labari. Faifan Beatles na 1968 mai farin kwali, a bugunsa na farko kowane kwafi da lambarsa, kuma mai lamba 0000001, na Ringo Starr, an sayar da shi dala 790,000 a Disambar 2015.

Wanki

Duk faifan da ya shigo gida a wanke shi kafin allura ta hau. Ruwan da aka tace ta tururi za ka nema a kemis, domin na famfo da na rijiya suna barin gishiri a cikin layuka. Ruwan batir kada ka kusance shi sai ka tabbatar babu asid a ciki. Zuba ɗigo ɗaya na sabulun ruwa marar turare a cikin kofi, jiƙa buroshi mai laushi ko ƙyalle marar gashi, ka bi layukan a zagaye, ba a gicciye ba, kana kare takardar tsakiya. Ɗauraye da ruwa mai tsabta, ka jingine shi a tsaye a inuwa har ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da omo. In ka gaji faya-fayan 78 na kakanni, sifirit yana narkar da su. Bayan wanki, sa shi a sabuwar rigar ciki mai santsi, ka adana tsohuwar takardar a cikin kwali tunda tana cikin darajarsa.

Kullum kafin sauraro ka share shi da buroshin zaren kabon yana juyawa. Allura kuma daga baya zuwa gaba ake share ta, da ɗan buroshinta. Da hunturu iska takan bushe har faifai ya riƙa jan ƙura da kansa yana tartsatsi, don haka rufe murfin na'ura, ka mai da faifai rigarsa da zarar gefe ya ƙare.

Ajiya

A tsaye ake jera faifai, ba a kwance ba, ba kuma a jingine a karkace ba. Kada a matse su har sai an ja da ƙarfi. Zafi shi ne babban abokin gaba: a Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda bazara ke haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin zai iya lanƙwasa faifai, mota a rana kuwa awa ɗaya ta isa. Zaɓi ɗakin da ya fi sanyi, bangon da rana ba ta duka, nesa da taga. Ɗaga kantar daga ƙasa saboda ruwan damina da gara, ka riƙa leƙa bayanta saboda kyankyasai masu cin gam ɗin kwali. Rigar waje ta leda mai laushi tana kare kwali, amma ka guji mai kauri mai warin roba, irin ta PVC, domin a zafi tana fitar da wani abu da ke bin faifai ya bar masa hazo da ƙara da ba sa fita. Faifai yana da nauyi fiye da yadda ake zato, ɗari ɗaya sun haura kilo 20, don haka katakon kanta ya zama mai kauri, da tokara a tsakiya.

Buɗe rajista tun daga faifai na farko, a littafi ko a Discogs: suna, lambar aiki, abin da ke santsin tsakiya, makin faifai da na kwali, inda ka saya da nawa. Duk lokacin da ka samu kwafin da ya fi naka lafiya, saurari biyun a jere a ƙarar murya ɗaya, ka riƙe wanda ya fi, ka sayar da ɗayan da makinsa na gaskiya ka sa kuɗin a na gaba cikin jerin goman nan naka.